La'asar a Jaipur

"Ya Rumaisa, ba mu labarin Jaipur mana. An ce can kika koyo lalle."

Tahani ce ta yi maganar, tana murmushi tana tsiyaya gahawa a ɗan kofi. Murmushin nan kuwa, duk macen da ta san halin mata ta san ba na alheri ba ne.



Yau ce rana ta farko da Rumaisa ta taka falon Hajiya Kabira a unguwar Rusaifa ta Makka a matsayin wadda Marwan yake nema. Mata sun cika falon, turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Ita kuwa Hajiya, mahaifiyar Marwan, tana kishingiɗe tana jan carbi, tana nazarin baƙuwar ta ƙasan ido. Tahani 'yar ƙanin Hajiya ce, tana kiran gwaggon tata Hala irin na Larabawa, kuma kaf gidan an san ta daɗe da sa wa Marwan ido. Shi kaɗai ne bai gani ba.

"Ai babu wani labari..." in ji Rumaisa, muryarta can ƙasa.

"Haba dai! Ke da ake yi wa laƙabi da Ba'indiya? Hala ma tana son ji. Ko ba haka ba, Hala?"

"Ina ji," in ji Hajiya.

Gaskiyar magana, Rumaisa ba ta taɓa zuwa Jaipur ba. Kai, ko Jidda ba ta taɓa gani da idonta ba.

A unguwar Tandabawi ta nan Makka aka haife ta, a wani ɗaki da ake hawa tsauni kafin a kai gare shi. Mahaifiyarta, Inna Yalwa, aikin Hajji ta zo daga ƙasar Katsina ita da mijinta, suka yi zamansu. Mijin ya rasu, ya bar su babu iƙama, wato izinin zama, babu takarda ko ɗaya, don haka duk hanyar da take da shingen bincike ba tasu ba ce. Ƙaryar Jaipur ma ba Rumaisa ta ƙirƙire ta ba. Mai gidan kwalliyar da take wa aiki ce ta ga hannunta ya faɗa a zanen lalle irin na Indiya, sai ta riƙa ce wa amare ai a can yarinyar ta koyo. Amare suka yi ta tururuwa. Ita kuma Rumaisa, gudun kada a tambaye ta ta rasa amsa, sai ta duƙufa kallon birnin a waya har ta haddace shi lungu-lungu. Tun tana kallo don kare kai, har son garin ya kama ta da gaske.

Sannan ga Marwan, mai kawo musu garin lalle da awarwaro, wanda shi kam sana'arsa kan kai shi Jaipur sarin kaya. Ranar da ya fara jin laƙabinta ya ce, "Da gaske kin san Jaipur?"

Kunya ta hana ta cewa a'a.

Yau ga shi kunyar ta biyo ta har falon uwarsa.

Ta gyara zama. Allah ya yi wa Rumaisa baki, in ta fara labari har mai jin barci sai ya wartsake.

"Garin duk ruwan hoda ne," ta ce. "Kamar an kwaɓa jan lalle da madara an shafe gine-ginen. Akwai Hawa Mahal, fadar iska. Tagogi ne ƙanana birjik, an yi su ne don matan sarki su riƙa leƙen titi, su ga kowa, kada kowa ya gan su. Akwai ganuwar Amer a kan dutse, giwaye ne ke hawa da mutane, an yi musu zane a goshi kamar amare. A ciki akwai ɗakin da aka manne da ƙananan madubai tun daga bango har rufi, in kika kunna kyandir ɗaya sai ki rantse taurari ne suka sauko. Ga wata fada a tsakiyar tafki, ruwa ya shanye ƙasanta, sai samanta kawai ake gani..."

"Ma sha Allah!" in ji wata tsohuwa.

Har Hajiya ta dakata da jan carbi.

Da Rumaisa ta tsaya a nan, da ta sha. Amma daɗin baki ya ɗebe ta, ga idanu duk a kanta, sai ta so ta ƙara ɗan gishiri, irin abin da ba a gani a waya.

"Ranar da ba zan manta ba, muna kasuwar awarwaro kusa da Hawa Mahal aka kira la'asar. Nan da nan kowa ya ja ƙofar shagonsa, kasuwa ta yi tsit, titi ya zama fayau. Haka muka zauna a bakin shago muna jira har aka idar da salla aka buɗe."





Hajiya Kabira ta tashi zaune sosai. "A Jaipur aka rufe kasuwa don la'asar?"

"E... e, Hajiya."

"Na je garin nan da marigayi ba sau ɗaya ba. Mafi yawan mutanensa ba salla suke yi ba, yarinya. Kiran sallar ma sai kin kasa kunne kafin ki jiyo shi cikin hayaniya."

Tahani ta tuntsire da dariya har gahawa na zuba mata a hannu.

"Ya Allah! Ta zaci duk duniya Makka ce! Ai na faɗa miki, Hala. Na bincika. 'Yar Yalwa ce mai sayar da ƙosai a Tandabawi, ko iƙama ba su da ita. Wadda ba ta isa ta wuce shingen hanyar Jidda ba, ita ce ta hau giwa a Indiya?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ƙunshe dariya a mayafi.

Rumaisa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tunda take a duniya ba ta taɓa ganin garin da ake kiran salla kasuwa ta ci gaba da ci ba, to ta ina za ta san akwai shi?

Ta miƙe.

"A gafarce ni," ta ce.

Ko takalminta ba ta saka daidai ba ta fice.

*

Ta tarar da Inna Yalwa tana wanke wake a ƙofar ɗaki. Kallo ɗaya Inna ta yi mata ta ajiye ƙwaryar.

"Me suka yi miki?"

"Ni na yi wa kaina, Inna."

Ta faɗa jikinta, ta kwashe komai ta faɗa mata cikin kuka. Inna ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Da ta gama, sai tsohuwar ta goge hannu a zani, ta ce a hankali:

"To ke da kika ce musu Indiya kika zauna, ni kuma wa kika ce musu ce ni?"

Rumaisa ta kasa ɗaga ido.

"Ban taɓa ba su labarinki ba..."

"Af. Ashe ni ce abin ɓoyon."

Ba faɗa ta yi ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta koma kan wakenta ta ci gaba da wanki. Wallahi da dukanta ta yi da ya fi mata sauƙi. Dariyar Tahani ta yi ciwo, amma wannan kalma ta Inna ita ce ta huda ta har ƙashi.

Wayarta ta yi ta ruri. Marwan ne. Sai da ya kira har ta gaji da ji sannan ta ɗauka.

"Habibti, kina ina? An faɗa mini abin da ya faru."

"To ka ji. Maƙaryaciya ce ni. Ban san Jaipur ba, ban san ko'ina ba, ba ni da takarda, uwata ƙosai take sayarwa. Halas, shi ke nan! Ka je ka auri Tahani."

"Rumaisa, na sani."

"Yanzu ka sani."

"A'a. Tun tuni na sani."

Bai jira ta ba, ya ci gaba.

"Kin tuna ranar da na kawo miki koren awarwaro? Ranar kika ba ni labarin nan na la'asar, yadda kasuwa ta yi tsit. Tun a ranar na gane ƙafarki ba ta taɓa barin Makka ba."

"Ka gane... kuma ka yi shiru?"

"Na ji tsoron in na faɗa ki guje ni."

"Ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo! Ina ba ka labarin giwaye kana gyaɗa kai, ashe a ranka dariya kake mini!"

"Wallahi ban taɓa yi miki dariya ba, rabin raina. Daɗi nake ji. Jaipur ɗinki ta fi wadda nake zuwa kyau."

"Da ka faɗa mini tun a ranar, da kai kaɗai zan ji wa kunya. Yau na ji ta a gaban mahaifiyarka da duk danginka. Ka kyauta, Marwan!"

Da ya sake magana muryarsa ta dushe.

"Laifina ne. Na yarda. Amma ki saurare ni, jibi zan yi tafiya, kada in tafi kina..."

Ta kashe wayar, ta toshe lambarsa.

Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Tana son Marwan, so irin wanda ba ta san akwai shi ba sai da ta ga zai kuɓuce mata. Amma duk lokacin da ta tuna fuskarsa yana sauraronta yana murmushi alhali ya sani, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ko da ita kaɗai ce a ɗakin.

*

Labari ya iso musu cewa Hajiya Kabira ta yanke hukunci: talauci ba ya hana aure a gidanta, amma ba za ta haɗa jini da mai ƙarya ba. Tahani kuwa har ta fara zuwa gidan kullum da sabon girki.

Bayan 'yan kwanaki Rumaisa ta tattara koren awarwaron nan ta ɗaure a hankici.

"Inna, ki raka ni Rusaifa."

"In raka ki? Ni ɗin?"

"Ke ɗin. Don Allah, Inna. Ki shiga gabana."

Inna ta dube ta jim, sannan ta tashi ta ɗauko baƙar abayarta da ta koɗe.

Suka tarar da Hajiya ita da Tahani kawai. Rumaisa ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye hankicin a gabanta.

"Hajiya, wannan ita ce mahaifiyata. Da ƙosai ta raine ni, kuma duk Tandabawi babu wanda zai ce ta taɓa yi masa ƙarya. Ni ce na ɓata mata suna. Ga kayan Marwan na dawo da su. Ba roƙon komai na zo yi ba, gafara kawai nake nema."

Tahani ta taɓe baki. "An zo da sabon fim."

"Tashi ki kawo wa baƙi ruwa," in ji Hajiya, ko kallonta ba ta yi ba.

Tsofaffin biyu suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da. Sannan Hajiya ta juyo kan Rumaisa.

"Ke da kika iya labari haka, ina ne mafi nisa da kika taɓa zuwa da ƙafarki? Gaskiya nake so."

Amsar ma abin kunya ce.

"Muzdalifa."

Daga bakin ƙofa aka jiyo dariyar Tahani.

"To ba ni labarin Muzdalifa," in ji Hajiya.

"Babu abin gani a can, Hajiya..."

"Na ce ki ba ni."

Rumaisa ta ƙura wa kafet ido.

"Ina yarinya Inna kan tafi da ni lokacin Hajji, muna sayar da shayi. Ni ba cunkoson nake so ba, safiyar da alhazai suka watse nake so. Fili ne iya ganinki, babu kowa, sai tabarmi da takalma warin ƙafa. Nakan bi ina tsintar takalman ina jerawa. Wannan ƙaramin na 'yar Indonesiya ne, wannan mai faɗin na Bature ne ko Baturke, wannan na roba na mutanenmu ne. Sai in saka ƙafata a ciki, in rufe ido, in ce yau na tafi garinsu. Inna ta yi ta kirana ina can ina yawon duniya a cikin takalman mutane." Ta ɗago kai. "Duk duniya tana zuwa garinmu, Hajiya, mu kuma ba ma zuwa ko'ina. Shi ne da aka ce na je Jaipur, sai na ji daɗin takalmin, na ƙi cirewa."

Inna Yalwa ta juyar da kai tana share ido da gefen mayafi.

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Can ta miƙo ƙafafunta gaba.

"Kin zo da lalle?"

"Yana jaka, Hajiya."

"Sa mini. Ba na Indiya ba. Na gida nake so, irin wanda iyayenmu ke yi."

Rumaisa ta kwaɓa lalle, ta zauna ta ƙunsa wa Hajiya ƙafa. Har ta gama babu wanda ya ambaci Marwan. Da za su tafi ma Hajiya ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Hankicin awarwaron yana nan a inda aka ajiye shi.

A hanya Inna ta riƙo hannunta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

*

Ranar wata Laraba da rana, Rumaisa tana tankaɗen garin lalle, sai ga Inna ta shigo da tata wayar a hannu tana riƙe da ita nesa da jiki kamar garwashi.

"Karɓi. Yaron nan ne, ya cika ni da kira. Har da hoto."

"Inna, ki ce ba na nan."

"Ni ba na ƙarya. Ke kika faɗa a Rusaifa."

Ta ajiye mata wayar a cinya ta fita.

Fuskar Marwan ce ta cika gilashin, ya yi zuru-zuru, gumi na bin goshinsa. Bayansa kuwa hayaniya ce kamar za ta fasa wayar.

"Kada ki kashe, don girman Allah. Ba sai kin yi magana ba. Kallo kawai za ki yi."

Ya juya wayar.

Hawa Mahal!

Rumaisa ta dafe ƙirji. Ga ta nan, ruwan hoda, tagogi birjik, sak yadda ta haddace. Sai dai babu wanda ya taɓa nuna mata cewa a bakin titi take tsaye, babura da a-daidaita-sahu na ta ƙara a gabanta, ga wata saniya ta yi kwance abinta a gefen hanya, ga tantabaru sun ɓata bakin tagogin.

"Kin gan ta? Siririya ce, kusan bango ne kawai. Taki ta fi wannan, na faɗa miki."

Hawaye ne kawai ke zuba mata.

Ya ratsa da ita cikin kasuwa, ya shiga wani lungu mai cike da shagunan awarwaro, ja da kore da ruwan zuma, ana narka su a kan wuta ana lanƙwasawa. Can ya tsaya.

"Saurara da kyau."

Ta kasa kunne. Can ƙarƙashin ƙarar motoci, siririn sauti kamar daga rijiya, ta jiyo shi.

Kiran salla.

La'asar ta yi a Jaipur.

Babu abin da ya tsaya. Masu ciniki na ciniki, masu ihu na ihu, babura na wucewa. Kunyar nan ta sake taso mata sabuwa fil, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Don ka ƙara kunyata ni ka kira?"

"Buɗe idonki, habibti. Dubi nan."

Ta leƙa ta tsakanin yatsu.

Wani tsoho ne mai jan gemu da farar hula ya fito daga ɗan shagonsa. Ya kashe wutar da yake aiki da ita, ya kai hannu sama ya jawo ƙofar ƙarfen, ƙurrr, har ƙasa. Ya ɗaga wa wayar hannu yana murmushi, ya saɓa ɗan tawul a kafaɗa ya nufi masallaci.

"Sunansa Sufyan, wurinsa nake sarin awarwaro. Shi ya yi koren nan naki. Shekara da shekaru ina zuwa nan, in aka kira salla sai in ce bari in ƙarasa ciniki tukuna, ban taɓa lura yana rufe shago ba. Sai bayan da kika ba ni labarinki na fara dubawa. Tun daga lokacin, in ya rufe, binsa nake yi." Ya juyo da wayar kan fuskarsa, idanunsa sun kaɗa. "Ni ma ina da tawa kunyar, Rumaisa. Ɗan Makka guda, sai da yarinyar da ba ta taɓa fita ba ta tuna mini yadda ake yi a gida."

"Shago ɗaya ne kawai..." ta ce cikin shessheƙa.

"Ɗaya ne. Da ni da nake binsa, mun zama biyu. Saura ke."

"Marwan, ba ni da takarda. Wataƙila har in mutu ba zan ga wurin nan ba."

"Za mu bi hanyar neman ta, ko za ta ɗau shekaru. In an samu, ni zan kawo ki lungun nan da hannuna. In ba a samu ba, ni in riƙa zuwa, ke ki riƙa ba ni labarin abin da na gani. Kin fi ni iyawa."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka.

"Hajiya fa?"

"Ita ta ba ni lambar Inna. Ta ce in faɗa miki lallen ya kama sosai. Ta ce kuma kin manta hankicinki a falonta, kawunnaina za su kawo wa Inna shi ranar Juma'a, in an ba su izini."

Rumaisa ta ɗaga kai. Inna Yalwa tana tsaye a bakin ƙofa, ashe ba ta yi nisa ba.

"Ki ce masa su zo bayan an sauko daga masallaci," in ji Inna. "Kuma su zo da yunwarsu, ƙosai zan yi."

"Ka ji?" in ji Rumaisa, tana goge fuska da bayan hannu, garin lalle duk ya ɓata mata kumatu.

"Na ji, amaryata."

"To me kake jira? An kira salla. Bi tsohon nan kada ka rasa jam'i."

"Ke fa?"

"Ka jingina wayar a bakin shagon," ta ce. "Zan zauna in jira har a buɗe."